Bashin Yaƙi: Tarihin Tsadar Kwashe Bama-baman Da Suka Ƙi Fashewa

Gabatarwa

A littattafan tarihin da muka karanta a makaranta, kowane yaƙi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. An koya mana cewa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, na Biyu a 1945, yaƙin basasar Nijeriya kuwa a watan Janairun 1970. Waɗannan ranaku daidai suke a wurin janar-janar da shugabannin da suka rattaba hannu a takardar sulhu. Amma a wurin manomin da gonarsa ta zama fagen daga, lissafin daban yake, domin idan sojoji suka naɗe tabarmarsu suka koma bariki, ba sa tafiya da duk abin da suka harba. Akwai bama-bamai da harsasan igwa da gurneti da aka cilla suka ƙi fashewa, akwai kuma nakiyoyin da aka binne da gangan. Duk suna nan kwance a cikin ƙasa, suna jiran garma ko fartanya ko ƙafar yaro.

Masu iya magana kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tarihin da za mu bibiya a wannan maƙala ya saɓa wa wannan karin magana, saboda a mafi yawan lokuta wanda ya jefa bam ya daɗe da komawa gida, ko ma ya daɗe da rasuwa, kafin bam ɗin ya tashi da wanda ko haihuwarsa ba a yi ba a zamanin yaƙin. Za mu duba yadda wannan bashi ya faɗa wa ƙasashe masu arziki da matalauta, abin da ke sa aikin kwashewar ya yi tsada, wanda ke biyan kuɗin, sannan mu waiwayo gida, inda matsalar ta riga ta shigo mana.

Girbin ƙarfe a gonakin Turai

Matsalar ta fito fili ne sosai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da masana'antu suka fara ƙera harsasan igwa miliyoyi barkatai. A arewacin Faransa da yammacin Beljiyom rundunoni sun shafe shekara huɗu cikin ramuka suna ruwan wuta a kan juna. Gaggawar ƙira ta sa harsasai da yawa sun fito da naƙasa, taɓon da suke faɗawa ciki kuma mai laushi ne, don haka wani kaso mai yawa ya nutse bai fashe ba. Bayan yaƙin gwamnatin Faransa ta shata wani yanki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,200, ta kira shi Jan Yanki, ta hana noma da zama a cikinsa. A kewayen Verdun, inda aka gwabza daga Fabrairu zuwa Disambar 1916, akwai ƙauyuka irin su Fleury da ba a sake gina su ba har yau, sai dai alamomi da ke nuna inda gidaje suke a da.

Fiye da shekara 100 ke nan, amma duk shekara idan aka yi huɗa, garma na tono tsatsattsun harsasai. Manoman yankin sun raɗa wa abin suna girbin ƙarfe. Sukan jera abin da suka tono a bakin gona, motar ƙwararru ta zo ta kwashe. Daga ciki har da harsasai masu iskar guba, waɗanda dole aka gina musu masana'anta ta musamman a Poelkapelle ta ƙasar Beljiyom domin lalata su. A 1955 tsawa ta tayar da ɗaya daga cikin manyan nakiyoyin da sojojin Ingila suka binne a ƙarƙashin ƙasa a yankin Messines tun 1917, ta bar wani ƙaton rami a tsakiyar gona.

Jamus kuwa nata rabon daga Yaƙin Duniya na Biyu ya fito, kuma a cikin birane yake. Duk inda za a yi babban gini a biranen da aka yi wa luguden wuta, sai an fara bincika ƙasar, ana amfani da tsofaffin hotunan da jiragen Ingila da Amurka suka ɗauka daga sama bayan kowane hari, domin ƙaramin rami a hoto na iya nuna inda bam ya nutse bai tashi ba. A ranar Kirsimetin 2016 an kwashe mutane kimanin 54,000 daga gidajensu a Augsburg. A watan Satumbar 2017 an kwashe fiye da 60,000 a Firankfot, har da marasa lafiya na asibitoci, saboda bam guda ɗaya na Ingila mai nauyin kusan tan 2. A watan Yunin 2025 ma an kwashe kimanin 20,000 a Kolon. Aikin ba ya rasa jini: a 2010 ƙwararru uku sun rasa rayukansu a Göttingen suna shirin kwance wani bam. Wannan fa a ƙasar da ke da kuɗi da kayan aiki da masana ke nan. To ina ga talakar ƙasa?

Lawos: ƙasar da ba a shelanta yaƙi da ita ba

Amsar wannan tambaya tana Lawos, wata ƙasa mai duwatsu da dazuzzuka a kudu maso gabashin Asiya, wadda ba ta da gaɓar teku, kuma akasarin mutanenta manoman shinkafa ne. A 1962 manyan ƙasashe sun amince a Janiba cewa Lawos 'yar ba-ruwanmu ce a rikicin da ke maƙwabciyarta Biyetnam. Sai dai yarjejeniyar ba ta wuce takarda ba. Sojojin Biyetnam ta Arewa sun ci gaba da safarar mayaƙa da makamai zuwa kudu ta wata hanya da ta ratsa dazuzzukan Lawos, wadda aka sani da hanyar Ho Chi Minh, a arewa kuma ana fafatawa tsakanin gwamnatin sarki da 'yan gurguzu na Pathet Lao. Domin toshe hanyar da kuma karya 'yan gurguzun, Amurka ta shiga jefa bama-bamai a asirce, ba tare da an fito an gaya wa jama'arta ba a farkon lamarin.

Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun kai farmaki sau kimanin 580,000, suka jefa bama-bamai fiye da tan miliyan 2. Idan aka raba, daidai yake da a sauke lodin jirgi guda duk bayan minti takwas, dare da rana, har shekara tara. Mutanen ƙasar a lokacin ba su wuce miliyan 3 ba, wato abin ya kusa kai tan guda ga kowane mutum. Shi ya sa ake cewa in aka auna da yawan jama'a, babu ƙasar da aka taɓa yi wa ruwan bama-bamai kamar Lawos.

Mafi munin abin da aka jefa shi ne bam mai 'ya'ya. Wannan wani dogon ƙoƙon ƙarfe ne da ke buɗewa a sama, ya watso ƙananan bama-bamai ɗaruruwa, kowanne bai wuce girman lemon zaƙi ba. An jefa irin waɗannan 'ya'ya kimanin miliyan 270, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 ba su fashe ba. Ke nan 'ya'yan bam kusan miliyan 80 ne suka rage a gonakin shinkafa da bakin rafuka da harabar makarantu, musamman a lardin Xieng Khouang da lardunan kudu da hanyar Ho Chi Minh ta bi. Kusan ƙauye ɗaya cikin kowane huɗu na ƙasar abin ya shafa.

Binciken da hukumomin Lawos suka gudanar ya nuna cewa daga 1964 zuwa 2008 mutane fiye da 50,000 ne suka mutu ko suka jikkata, kimanin 20,000 daga cikinsu bayan an daina yaƙin. Yara suna da kaso mai tsoka a ciki, domin ɗan bam kama yake da ƙwallon wasa. Wasu sun gamu da ajalinsu suna huɗa, wasu sun hura wutar girki a ƙasa ba su san abin da ke kwance ƙarƙashin murhun ba. Talauci kuma ya haifar da wata sana'a mai haɗari, ta tono ƙarafan yaƙi ana sayar wa 'yan gwangwan, har aka riƙa yin cokula da tukwane da kwamin dabbobi da ginshiƙan rumbu daga ɓawon bam.

Abin lura shi ne, an shafe shekara 20 bayan yaƙin babu wani tsayayyen shiri na kwashewa, manomi ne kawai ke tsince abin da ya gani da hannunsa ya ajiye a gefe. Sai a 1994 ƙungiyar MAG ta Ingila ta soma aiki a Xieng Khouang, a 1996 kuma gwamnati ta kafa hukumar UXO Lao da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikin shekara 20 da suka biyo baya, Amurka ta bayar da kimanin dala miliyan 100. A watan Satumbar 2016 Barak Obama ya zama shugaban Amurka na farko da ya ziyarci Lawos yana kan mulki, ya kuma yi alƙawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku. An samu ci gaba na a zo a gani ta fuskar rayuka, domin waɗanda abin ke rutsawa da su sun ragu daga kimanin 300 a 2008 zuwa 'yan gomomi a shekara. Amma ta fuskar ƙasa, a lokacin waccan ziyara abin da aka lalata bai wuce ɗan ƙanƙanin kaso na miliyan 80 ɗin nan ba.

Me ya sa aikin ke da tsada?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana bayar da wani ƙiyasi da ya taƙaita lamarin: ana ƙera nakiya guda a kan dala 3 zuwa 30, amma tono ta kan ci dala 300 zuwa 1,000. Dalilin wannan tazara yana cikin yadda aikin ke gudana.

Kafin a taɓa ƙasa sai an san inda haɗarin yake. Ma'aikata kan bi ƙauye-ƙauye suna tambayar dattawa da manoma da tsofaffin sojoji inda aka gwabza, da inda saniya ko mutum ya taɓa taka wani abu. Daga nan a auna filin, a zana taswira, a kafa turaku masu jan fenti. Sannan a sassabe ciyawa da ƙananan itatuwa a hankali, a ja igiyoyi a raba filin layi-layi. Ma'aikaci sanye da sulke da garkuwar fuska zai bi layinsa da na'urar gano ƙarfe. Duk inda na'urar ta yi ƙara, sai ya durƙusa ya tona daga gefe da ƙaramin abin haƙa, a sannu a sannu. Na'urar ba ta bambanta bam da ƙusa ko murfin kwalba ko ɓarɓashin harsashi, kuma fagen daga cike yake da irin wannan tarkace. Don haka mafi yawan tonon da ake yi, ƙarfen banza ake samu, amma dole a ɗauki kowanne tamkar bam ne. A Lawos ma ƙasar kanta a wurare da dama tana da sinadarin ƙarfe, wanda ke rikita na'urar. Idan aka samu na gaske, galibi ba a ɗaga shi, a nan inda yake ake ɗora masa nakiya a tarwatsa shi, bayan an kori mutane da dabbobi daga kewaye.

A bayan kowane ma'aikaci kuma akwai albashi da horo da inshora, akwai malamin jinya da motar ɗaukar marasa lafiya da ke jira a bakin fili, akwai motoci da mai da hanyoyin da damina ke yankewa. Bayan an gama sai wasu masu duba aiki su sake bin filin, domin ba a yarda da kuskure a wannan sana'a. Manomi ba zai amfana da gonar da aka ce an share kashi 90 cikin 100 ba, tunda ɗaya da ya rage ya isa ya mayar da 'ya'yansa marayu.

An yi ta neman dabarun rage tsadar. Akwai motoci masu sulke da ke dukan ƙasa da sarƙoƙi, amma ba sa hawa dutse ko shiga fadama. Akwai karnuka masu sansano nakiya. Akwai kuma wata dabara da za ta ba mai karatu mamaki: ƙungiyar APOPO da ke Morogoro a ƙasar Tanzaniya tana horar da dangin gafiya, wannan dai da yaran karkara ke farauta, su riƙa sansano maganin nakiya. Gafiya ba ta da nauyin da zai tayar da nakiya, kuma ba ta kula ƙarfen banza. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da 100 a Kambodiya, har aka ba shi lambar yabo ta zinariya a 2020. Duk da haka, idan gafiya ta nuna wuri, ɗan Adam ne zai durƙusa ya tono.

Kuɗin tono kuwa ɓangare guda ne kawai na asarar. Gonar da ake tsoro ba a noma ta, ko kuma a noma ta sama-sama, amfanin ya ragu. Duk wata hanya ko makaranta ko madatsar ruwa da za a gina, sai an fara biyan kuɗin share filin. Wanda ya rasa ƙafa yana buƙatar ƙafar roba, idan kuma yaro ne sai an riƙa sauya masa ita yana girma. A Masar, nakiyoyi da harsasan da Ingila da Jamus da Italiya suka bari a hamadar El Alamein tun 1942 sun daɗe suna hana amfani da filaye masu yawa a gaɓar arewa maso yamma, makiyayan yankin kuma su ne suka fi biya da gaɓoɓinsu, alhali rikicin na Turawa ne.

Wa zai biya?

A tsawon tarihi al'adar ita ce ƙasar da tarkacen ya faɗa wa, ita ke da jidalinsa. An fara yunƙurin sauya wannan a shekarun 1990. A watan Janairun 1997 Gimbiya Dayana ta Ingila ta taka wani filin nakiyoyi da ake sharewa a Huambo ta ƙasar Angola, hotunanta suka zagaye duniya. A Disambar wannan shekara aka sa hannu a Yarjejeniyar Otawa da ta haramta nakiyoyin da ake binnewa domin mutane, ta fara aiki a watan Maris na 1999. A 2003 aka amince da wani ƙarin babi a yarjejeniyar makamai ta Janiba, wanda ya ɗora wa masu yaƙi alhakin adana bayanan abin da suka harba da taimakawa wajen kwashewa. A 2008 kuma aka ƙulla yarjejeniyar haramta bam mai 'ya'ya, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2010, aka yi taronta na farko a Vientiane, babban birnin Lawos.

Sai dai manyan masu ƙera makaman, wato Amurka da Rasha da Sin, ba su shiga yarjejeniyar Otawa ko ta bam mai 'ya'ya ba. Abin da ake bayarwa domin kwashewa kuma taimako ne na ganin dama, mai bayarwa na iya janye hannunsa duk ranar da ya so. An ga haka a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, aikin kwashewa ya tsaya na wani lokaci a Lawos da Biyetnam da Kambodiya. A wannan shekarar kuma wasu ƙasashen Turai maƙwabtan Rasha, irin su Folan da Finlan da Lituweniya, suka sanar da ficewa daga yarjejeniyar Otawa. A Yukren kuwa, ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa share ƙasar zai ci fiye da dala biliyan 37.

Duk da haka, tarihin bai rasa labari mai daɗi ba. Mozambik ta fito daga yaƙin basasa a 1992 tana cikin ƙasashen da nakiyoyi suka fi yi wa katutu. Bayan aikin fiye da shekara 20, wanda a cikinsa ƙungiyar HALO Trust kaɗai ta tono nakiyoyi fiye da 170,000, ƙasar ta shelanta a watan Satumbar 2015 cewa ta share duk filayen nakiyoyin da aka sani. Wannan ya tabbatar da cewa aikin mai ƙarewa ne, muddin aka samu zaman lafiya da kuɗi da juriya.

Waiwaye zuwa gida

Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan batu ma wutar ta riga ta taɓa namu gemun. Yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 ya bar bama-bamai da nakiyoyi a jihohin kudu maso gabas da maƙwabtansu. Shekara 47 bayan ƙarewarsa, a watan Oktoban 2017, Gwamnatin Tarayya ta amince a gaban Kotun ƙungiyar ECOWAS za ta biya naira biliyan 88: biliyan 50 diyya ga waɗanda abin ya shafa, biliyan 38 kuma domin kwashe abin da ya rage. Yaƙin wata 30 ke nan ya bar lissafin da ya kai rabin ƙarni ana ja-in-ja a kansa.

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Legas ba za su manta da ranar 27 ga Janairun 2002 ba, ranar da rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta. Mutane fiye da 1,000 ne suka rasu, akasarinsu sun nutse ne a magudanar ruwa ta Oke-Afa garin gudun tsira. Wannan ba yaƙi ba ne, amma fashewar ta watsa harsasai da bama-bamai a kewaye, har a 2023, bayan shekara 21, rundunar soja ta sake ƙaddamar da aikin tsince abin da ya saura a barikin.

A maƙwabciyarmu Cadi, yaƙin da aka yi da Libiya a kan zirin Awuzu, wanda ya kai ƙololuwa a 1987, ya bar nakiyoyi a yankunan Borku da Ennedi da Tibesti, a kan hanyoyin ayari da kusa da rijiyoyi. Yashin hamada kuma tafiya yake yi, ya rufe abin da ke sarari ya tono abin da ke binne. A arewa maso gabashin Nijeriya da kewayen Tafkin Cadi, rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya kawo wani salo mafi wuyar sha'ani, wato bama-baman da ake haɗawa da hannu cikin jarkoki da tukwane da tukwanen gas, a binne su a kan hanya ko a bakin gona. Waɗannan ba su da taswira, ba su da kama ɗaya. Matafiya da manoma da masu neman itace da 'yan gudun hijirar da ke komawa garuruwansu a Borno da Yobe da Adamawa su ne suka fi faɗawa ciki. Sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi ya fara aiki a yankin a 2018, inda aka fi mayar da hankali kan wayar da kan jama'a, tunda kwashewa ta sosai ba ta yiwuwa a inda ba a daina harbi ba.

Kammalawa

Mu da muke zaune a birane, mu ne muke da rediyo da jarida da waya a hannu, mu ne kuma 'yan uwa na gida ke sauraren maganarmu idan muka je hutu ko biki. A cikinmu akwai direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke bin hanyoyin arewa maso gabas, akwai kuma matasanmu da ke sana'ar jari-bola a garuruwa daban-daban. Ilimin da ya rage mutuwa a Lawos ba mai tsada ba ne, kuma kowa na iya isar da shi. Duk wanda ya ga baƙon ƙarfe a daji ko a gona ko a juji, kada ya taɓa, kada ya jefe shi da dutse, kada ya sa shi a wuta ko ya buga masa guduma domin ciro jan ƙarfe. Ya koma ta sawun da ya zo, ya sa alama daga nesa, ya gaya wa mai unguwa da 'yan sanda, waɗanda ke da sashen ƙwararrun kwance bam. Tsatsa da tsufa ba sa kashe bam, sau da yawa ma ƙara masa saurin tashi suke yi. Haka kuma duk inda za a haƙa rijiya ko a kafa tubalin makaranta a wurin da aka taɓa gwabzawa, a nemi masana su duba kafin a sa diga.

Darasi na biyu ya fi wannan girma. Faransa ta haura shekara 100 tana girbin ƙarfe, Jamus ta cika 80 tana kwashe unguwanni, Lawos ta wuce 50 tana tsintar 'ya'yan bam, mu ma a nan muna da namu lissafin. Duk mai zuga fitina a kan iyakar gona ko sarauta ko siyasa, ranar nasara kaɗai yake hangowa, ba ya lissafa abin da jikoki za su tarar a cikin ƙasa. Magabata da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki sun san abin da suke faɗa. Ya rage gare mu, a tarukanmu na birni da zamanmu na gida, mu zama masu kashe wuta tun tana ƙarama, domin ƙasar da muka gada lafiya lau mu miƙa ta ga 'ya'yanmu su sa garma ba tare da fargaba ba.